Cinikin Biri a Sama

Kowa ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda a ke ciniki. Mai saye ya zo ya tsuguna, ya ɗauki kaya ya jujjuya, ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a daidaita, sa'an nan a sallama. In dabba ce ga dillali nan tsaye, shi ne shaida, ya kuwa san gidan mai saye da na mai sayarwa. In daga baya aka ga aibi, an san ƙofar da za a je a yi sallama. Saboda haka ne mutanenmu su ke yi wa wanda ya biya kuɗin abin da bai riƙe a hannu ba dariya, su ce ya yi cinikin biri a sama. To, jama'a, ga shi zamani ya kawo mu inda cinikin biri a sama ya zama kasuwa sosai, har da kantuna da rasit. Don haka na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin yadda na sayi waya ta intanet sa'ad da aka tura ni Dambam gwajin koyarwa cikin 2024, ko wani ya sami abin amfani a ciki.

Bari in fara da ita wayar kanta. Cikin 2001 aka fara wayar salula a Nijeriya, a lokacin kuwa layi kaɗai, ban da kan wayar, ya kan kai Naira 20,000 ko fiye, sai attajirai da manyan ma'aikata. Abin da ya sauko da ita hannun talaka shi ne wayoyin ƙasar Sin masu araha. Da yawa ba su sani ba, Tecno da itel da Infinix duk kamfani ɗaya ke ƙera su, watau Transsion na birnin Shenzhen. Mutanen nan sun lura da halinmu ƙwarai, suka yi waya mai cin layi biyu, don in wannan ba sabis a gwada wancan, suka sa batir mai daɗewa saboda wutar lantarkinmu ba ta da alkawari, har suka sa Hausa a cikin waɗansu. Amma da ya ke da Dala a ke shigo da su, da aka saki Naira cikin watan Yuni 2023, Dalar da a ke canzawa wajen Naira 460 a hukumance ta haura 1,500 cikin 2024, sai mai arahar ma ta zama abin da ɗalibi zai yi wata da watanni yana tari kafin ya kai.

Kada wani ya ce ai waya ado ce. Ga mai gwajin koyarwa yau kayan aiki ce kamar alli da rajista. Sanarwar ranar da malamai masu duba mu za su zo ta WhatsApp ta ke fitowa, rajistar darussa da duba sakamako duk ta intanet. Ni kuwa 'yar ƙarama mai maɓallai gare ni. Na sayar da waken da na noma da damina, Yayata ta cika mini da abin da ta ɗauka a adashi, kuɗi suka kama Naira 90,000. Na tambaya a shagunan Azare, na sa wani aboki ya tambayo mini a kasuwar Farm Centre ta Kano, sai na ga ta intanet irin wadda na ke so ta fi sauƙi da Naira 7,000, har da kuɗin kawowa.

Manyan kantunan intanet, irin su Jumia da Konga, cikin 2012 aka kafa su a Ikko. Bayansu ƙananan kantuna sun fito barkatai, a ɗaya daga cikin ƙananan nan na yi nawa ciniki. Sun rubuta baro-baro cewa kaya na isa cikin kwana 5 zuwa 7 na aiki. Akwai tsarin sai kaya sun zo a biya, amma da na rubuta Dambam sai aka nuna wannan na manyan birane ne kaɗai. Watau mu na nesa, mu ne za mu fara ba da amana. Na biya ta banki, na ɗauki hoton shafin da alkawarin ya ke, na kuma buɗe bayan littafina na shirin darasi na rubuta kwanan wata da lambar oda da adadin kuɗi. Wannan hali a makarantar mishan inda na yi firamare na koyo shi, gama malaminmu ba ya karɓar wasiƙa in ba kwanan wata a kanta, kuma dole ka ajiye kwafe.

Ran kwana 6 aka nuna kaya sun iso Kano. Na ce madalla, daga Kano zuwa nan ai wuni guda ne, a bi ta Wudil da Jama'are, a wuce Azare a kama hanyar Potiskum. Ashe nan ne gizo ke saƙa. Kwana 7 ta wuce, 10 ta wuce, kullum na ari wayar abokin aikina na duba sai in ga kalma ɗaya, wai kaya na kan hanya.

Na shiga bugawa ofishinsu na sauraron masu saye. Wanda bai taɓa ba, ga yadda a ke yi. Da ka buga sai wata murya ta ce ka danna ɗaya, ka danna biyu, sa'an nan a sa maka kiɗa, katinka na ta ƙonewa. Can sai wata ta ɗauka da Turanci mai daɗi, ta gaishe ka da ladabi, ta tambayi lambar oda. Ta farko da na samu ta ce mini, "Ina ne Dambam? A wace jiha ta ke?" Na ce, "Malama, hedkwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Bauchi, tsakanin Azare da Potiskum." Ta ce in ba ta sunan titi da lambar gida. Na ce, "Malama, in mai kawowa ya sauka tasha ya ce gidan da baƙin malamai su ke, ko yaro zai kawo shi." Ta yi shiru, ta ce akwatin da za ta cika ba ya karɓar wannan. Daga ƙarshe ta ce in yi haƙuri, cikin awa 48 za a kira ni. Sau biyar na buga cikin mako biyu, mutum biyar dabam dabam na samu, kowa sai na faro masa labari daga tushe, kowa kuma da awa 48 ya sallame ni.

Ban ga laifin 'yan matan nan ba, gama abin da aka rubuta musu su ke karantawa, su ma ba su taɓa ganin kayan ba. Da na bi diddigi sai na gane hannu uku ne cikin cinikin. Akwai kantin da ya karɓi kuɗi, akwai ɗan kasuwan da ke da wayar, wanda ya kama rumfa ne kawai a shafin, akwai kuma kamfanin dako. Shi mai dako daga Ikko zuwa Kano ba ya jin nauyi, don mota cike ta ke tashi. Amma ƙunshi ɗaya tak mai zuwa Dambam ba ya biyan kuɗin mai, balle tun da aka janye tallafin fetur cikin watan Mayu 2023. Sai a ajiye shi a lungu har a sami 'yan'uwansa masu bin hanyar. In ka yi ƙara, kanti ya ce mai dako ne, mai dako ya ce bai san ka ba, da kanti ya yi sharaɗi. Dillalin da ya san gidan kowa, shi ne babu.

Ana cikin haka sai sanarwa ta fito da dare cewa masu duba mu za su zo da safe. Abokin aikina mai wayar kuwa ya tafi Dagauda biki. Ban ji ba sai da na ga mota a bakin makaranta. Allah ya sa shirin darasina na kammale, na shiga aji na koyar, aka ba ni maki. Amma da a ce ran nan na tafi Azare neman labarin kaya, kamar yadda na so yi, da wahalar shekara uku ta sami tabo saboda ƙunshi ɗaya da ke kwance a Kano.

Hedimasta, dattijo ne mai raha, da ya ji labari sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba yau aka fara ba." Ya ce a zamanin mahaifinsa malaman makaranta da ma'aikatan En'e su kan sami littafin hotunan kaya daga kantunan Ingila, mutum ya zaɓi takalmi, ya je gidan waya ya sayi fasal oda ya aika, kaya su biyo jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa zuwa Kano, sa'an nan babbar mota. Su kan yi wata biyu ko uku suna jira. Na ce, "Ranka ya daɗe, to, in kaya ba su zo ba fa?" Ya ce, "Sai su rubuta. Magana iska ce, amma takarda ba ta musu."

A daren nan na zauna na rubuta musu wasiƙa ta imel, gajeriya, ba zagi ba roƙo. Na jera ranar da na biya, da lambar oda, da alkawarin kwana 7 tare da hotonsa, da ranaku biyar da na buga da abin da aka ce mini kowace rana. Na ce ina son ɗayan biyu kafin ranar Juma'a, ko wayata ko kuɗina. Na ƙara da cewa in ban ji ba zan kai ƙara ga Hukumar Tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wadda a ke kira FCCPC. Wannan hukuma da dokar 2018 aka kafa ta, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, dokar kuwa ta ba mai saye ikon ya mai da kaya a ba shi kuɗinsa in sun zo da aibi ko sun saɓa da yadda aka siffanta su, ta kuma ce wanda ya ɗauki aiki ya yi shi kan lokaci.

Abin da bugu biyar bai yi ba, takarda ɗaya ta yi. Kwana uku tsakani sai ga wani direba ya kira ni daga tashar Azare, ya ce, "Malam, an ba ni saƙonka daga Kano, amma ni nan na tsaya, sai ka zo." Na tafi ran Asabar. Ban sa hannu ba sai da na buɗe kwalin a gabansa da wani ɗan kamasho, na duba ba a taɓa ɓanɓare like ba, na kunna, na danna *#06#, lamba 15 ta fito, na gwada ta da wadda ke jikin kwali, suka yi daidai. Wannan lamba ita ce shaidar kowace waya, in ta saɓa da ta kwali to akwai magana. Daga ranar biya zuwa ranar karɓa kwana 26 ke nan.

Da na koma sai na ba 'yan aji shida lissafin a allo. Mutum ya sami rangwamen Naira 7,000, ya kashe 1,800 a kati, ya biya 3,000 kuɗin mota zuwa Azare da komowa, nawa ya rage masa? Suka ce 2,200. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kwana 26 ɗin fa, nawa ne kuɗinsu?" Lalle wannan tambaya ta fi ta allon.

Ba cewa na ke yi a guji kasuwar intanet ba. Wayar tana nan tana aiki lafiya, kuma mutumin ƙauye yau yana iya ganin farashin Ikko daga ɗakinsa, ba mai yi masa kuɗin goro. Abin da na ke cewa shi ne, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. In za ku saya, ku tambaya tun da fari ko har garinku za a kai, ko kuwa sai Azare ko Bauchi. Ku karanta sharaɗin mai da kaya, don kwanakinsa ƙididdigaggu ne. Kada ku tura kuɗi asusun wani mutum dabam wanda ba na kantin ba. Ku ajiye hoton kome. In bukatar ta gaggawa ce, ku lissafa jira cikin kuɗin kaya, wataƙila shagon da ke kusa, mai shi kuma an san gidansu, ya fi araha.

Mu kuma da za mu zama malamai, akwai kaya a kanmu. Yaran da za mu koyar a Dambam da Jalam da Dagauda za su yi ciniki da mutanen da ba za su taɓa haɗa ido da su ba, fiye da yadda mu muka yi. Iyayensu ma wajensu za su kawo wayoyi a karanta musu. Mun saba ɗaukar darasin rubuta wasiƙa kamar abin cin jarrabawa kurum, a haddace inda a ke sa adireshi a wuce. Ina roƙon 'yan'uwa mu koyar da shi da gaske, yaro ya iya faɗin abin da ya faru, da ranar da ya faru, da abin da ya ke nema, cikin layi goma ba tare da zagi ba. A kasuwar da ba dillali, wanda ya iya wannan shi ne ba a cin haƙƙinsa da sauƙi.

Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya sa mu amfani waɗanda za a danƙa mana.