Guzurin Mai Neman Digiri na Biyu

Ɗana, na ji ka gama bautar ƙasa lafiya, kuma zuciyarka tana kan komawa Jami'ar Bayero ka ɗora digiri na biyu. Allah ya sanya albarka. Ni ba zan hana ka ba, don masu irin wannan karatu ba su yi mana yawa a Tarai ba. Sai dai mahaifinka ya nuna mini lissafin da ka kai masa, na ga kuɗin fom ne da na rajista kawai, kuma a nan hankalina ya tashi. Yaran ƙasar Rano da Kibiya da na ga sun shiga wannan karatu sun kasa fita, babu wanda ƙofar shiga ta gagara. Kuɗin rajista ana haɗa shi ko ta halin ƙaƙa: a sayar da buhunan masara, kawu ya taimaka, inna ta kwashi adashinta. Inda ake maƙalewa shi ne bayan an gama zaman aji, an zo kan bincike da rubuta kundi.

Ka san yadda tafiyar take tun yanzu. Shekarar farko aji ne da jarrabawa, irin abin da ka saba. Daga nan za a ba ka malami mai duba aikinka, ka tsara abin da kake son bincikawa, ka tsaya gaban malaman sashe ka kare shi. In sun amince, ka fita fili ko ka shiga ɗakin gwaje-gwaje. Sai rubutu babi-babi, sai gyara, sai ka kare kundin a cikin gida, sannan a kira mai jarrabawa daga wata jami'a. Kowane mataki da bakinsa a buɗe. Akwai kuɗin mota daga nan ka bi ta Rano har sabuwar jami'a a titin Gwarzo, kuma wata rana za ka isa ka tarar malamin ya shiga taro, ka juyo da takardunka yadda ka je da su. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ka san yadda kuɗin mota ya koma. In fanninka na kimiyya ne, sinadaran gwaji daga waje ake kawo su, farashinsu dala yake bi. Ga data, ga buga takardu, ga ɗan abin da za ka ba waɗanda za su taya ka zagaya ƙauyuka da tambayoyi. Kai ɗan manomi ne, ka san mai noman rani da ya tanadi kuɗin iri bai tanadi na man injin ban-ruwa ba: shuka za ta fito kyakkyawa, ta bushe yana kallo.

Sannan lokaci ba a hannunka kaɗai yake ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 ya tashi daga Fabrairu har Oktoba. Wanda ya shiga da niyyar shekara biyu ya wayi gari a ta uku da ta huɗu, kuma duk shekarar karatun da ka ƙara sai ka sabunta rajista. Saboda haka lissafin shekara uku nake so ka rubuta, da kuɗin bincike a layinsa daban, a kuma rubuta inda kowace naira za ta fito. In wani layi ya zauna babu amsa, gara ka jinkirta shekara guda ka cike shi.

Idan aiki ya samu kafin karatu, ka kama aikin. Na ga samari suna raina koyarwa suna cewa za ta ɗaure su, alhali mafi yawan waɗanda na ga sun kammala lafiya masu ɗan albashi ne, ko da ƙanƙani. Ma'aikacin gwamnati yana iya neman izinin ƙaro karatu, amma ya nema a rubuce, ya karɓi amsa a rubuce, kada ya dogara da cewa shugabansa ya ce ba komai. Shugaba yana canjawa, takarda tana nan. Kuma ka fahimci maganar TETFund, don ana yawan ruɗa yara da sunanta. Asusu ne da dokar 2011 ta kafa, yana cin wani kaso na harajin da kamfanoni ke biya daga ribarsu, kuma tallafinsa na ƙaro karatu na malaman jami'o'i ne da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha mallakar gwamnati. Ta hannun makarantar da mutum ke aiki ake nema, ya kuma sa hannu cewa zai dawo ya yi mata aiki. Malamin firamare ko na sakandare ba ya ciki, balle wanda ba shi da aiki. Don haka mai sakamako irin naka, ya fi masa ya sa ido a kan gurbin ƙaramin malami a wata babbar makaranta, ko jami'ar Wudil ko wata kwaleji, da ya zauna yana jiran asusun da ba a buɗe dominsa ba.

Ƙofar tallafin jiha ita ce aka fi sani a wajenmu. A zamanin Kwankwaso an tura ɗalibai 501 ƙasashen waje a rukunin farko, sannan a 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin da gurabe 1,001 zuwa Indiya da Uganda, aka fifita masu sakamako mafi daraja. Abin alheri ne, kuma ya ɗaga 'ya'yan talakawa da yawa. Amma irin wannan shiri da gwamnati yake tafiya, kuma canjin gwamnati ya taɓa barin wasu 'yan Kano a waje da bashin kuɗin makaranta, takardunsu suka maƙale shekaru. Ka nema in an buɗe, kada ka gina rayuwarka a kan jiransa. Akwai PTDF, asusun da aka kafa tun 1973 don horar da mutane a fannonin da suka shafi man fetur da iskar gas, yana ɗaukar nauyin digiri na biyu da na uku. Akwai na Commonwealth da ake bi ta hukumar tallafin karatu ta tarayya a Abuja, akwai DAAD na Jamus, akwai na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda. Chevening na Birtaniya kuwa sai kana da ƙwarewar aiki ta shekara biyu, karatun shekara ɗaya ne, kuma dole ka dawo gida bayan ka gama. Ka ga nan ma aikin da ake rainawa shi ke buɗe hanya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda yaranmu ke rasa waɗannan damammaki ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba. Sanarwa takan fito da wa'adin 'yan makonni. Yaron birni ya gani ranar da ta fito, na ƙauye ya ji saura kwana uku, sai a lokacin zai fara neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma a sakatariyar Kibiya, da cikakken sakamakonsa daga jami'a wanda ba a rana ɗaya yake fitowa ba, da fasfo, da malaman da za su rubuta masa wasiƙar shaida. Na san wani yaro mai hazaƙa da ya rasa gurbi saboda sunansa a takardar sakandare ya saɓa da na katin ɗan ƙasa da harafi biyu, kuma babu lokacin gyarawa. Ka jera takardunka yau, ka duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya, ka gyara abin da ya saɓa, ka ɗauki hotonsu ka adana a waya da imel. Duk wanda kuma ya ce ka turo kuɗi zai sama maka gurbin tallafi, ɓarawo ne, ko da ya kira sunan wani babba.

Yanzu maganar malami mai duba aiki, wadda a ganina ta fi ta kuɗi nauyi. Sau da yawa sashe ne ke raba ɗalibai, amma kana da bakin magana in ka san abin da kake so. Matambayi ba ya ɓata. Ka zauna da waɗanda suka riga ka, ka tambaye su wane malami ne ke karanta babi ya dawo da shi da jan biro, wane ne ɗalibai suka yi masa yawa, wane ne ke shirin tafiya hutun bincike. Kada girman suna ya ja ka. Farfesan da ke riƙe da ofis uku zai iya zama mutumin kirki, amma ganinsa sai an cika fom. Matashin dakta mai lokaci, wanda shi ma yake neman a buga aikinsa, yakan fi kai ɗalibi gaci. In an haɗa ku, ka riƙe shi da ladabin da muka gada na almajiri da malaminsa, ka gaishe shi, kada ka kira shi da tsakar dare, kada ka aika masa babin da kai kanka ba ka sake karantawa ba. Amma ladabi bai hana tsari ba. Ka tanadi littafi guda, duk zaman da kuka yi ka rubuta rana da abin da ya ce a gyara da ranar da za ka dawo, ka karanta masa kafin ka tashi. Kuma kada ka ɓace. Wannan ita ce cutar yaranmu: kuɗi ya yanke, kunya ta hana su faɗa, su yi wata shida ba a ji ɗuriyarsu ba, sannan kunyar ɓacewar ta hana su komawa. Malaman nan yawancinsu ta wannan hanya suka biyo. Ka je ka ce, Malam, ga halin da nake ciki. Mai yiwuwa ya rage maka faɗin aikin, ko ya sa ka cikin wani bincike nasa mai kuɗi, ko ya nuna maka yadda ake dakatar da karatu bisa ƙa'ida.

Batun da za ka bincika ma shawara ce ta kuɗi. Ka zaɓi abin da ƙafarka za ta kai, wanda mutanensa za su buɗe maka ƙofa don sun san ubanka. Ƙasarmu cike take da tambayoyin da ba a amsa ba. Ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da magudanan da ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, da rigimar wa ke samun ruwa a kan lokaci. Ga ƙuduji da ke cinye dawa. Ga tsutsar tumatir da ta durƙusar da manoman Kadawa a 2016. Ga gubar da ke kama gyaɗa in ba ta bushe da kyau ba. Masu kuɗin bincike suna neman wanda ya san waɗannan gonaki da harshen masu su. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar nazarin noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa, wadda aka kafa a 2012, Bankin Duniya ya sa ta cikin fitattun cibiyoyin Afirka, tana karɓar ɗaliban digiri na biyu da na uku. Cibiyoyin binciken noma na IITA da ICRISAT suna da ofis a Kano, cibiyar binciken aikin gona tana Samaru. Zuwa da kai ya fi saƙo. Mai son tarihi kuwa, Rano tana cikin Hausa Bakwai, dattawan da suka riƙe labarinta suna ƙarewa, takardu kuma suna jiran mai karantawa a Gidan Ɗan Hausa na Kano, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna.

Abin da ka riga ka biya da rajistarka, ka ci moriyarsa. Ka shiga laburare ka nemi sashen mujallun intanet, ka ce a koya maka nemo su. Ka koyi sarrafa alƙaluma da kwamfuta da hannunka, domin wanda ya biya aka yi masa, ranar kare kundi tambaya ɗaya za ta tona shi. Ka halarci kare kundin wasu, ka ji irin tambayoyin da ake yi. Ku haɗu ku huɗu ko biyar 'yan aji ɗaya ku riƙa karanta wa juna babi, ku raba kuɗin ɗaki a Danbare ko Rimin Gata lokacin da aiki ya yi zafi. Za ka haɗu da masu cewa ka kawo kuɗi su rubuta maka kundi, da mujallun da ke buga komai cikin mako guda in an biya. Ka nisance su. Jami'o'i suna tace kundi da manhajar gano satar rubutu, amma ko babu ita, ilimin da za ka ci abinci da shi har tsufa bai kamata a ɗora shi a kan haram ba.

Ƙanwarka tana tafe a bayanka, kuma duk abin da na faɗa ya shafe ta, da ƙari guda: a yi maganar karatunta a fili tun wajen neman aure, a gaban waliyyai, har da wanda zai riƙe mata yaro ranar da take da aji.

Ranar da mai jarrabawa na waje ya ce ka ci, za a yi murna a gida, amma da sauran aiki. Za a ba ka gyare-gyare da wa'adi, sai malaminka ya sa hannu cewa ka yi su, a ɗinke kundin da bango mai kauri kwafi da yawa, ka bi ofisoshi a wanke ka daga bashi, sannan majalisar jami'a ta amince da sakamakon. Na san waɗanda suka kare kundi suka koma gida da gyaran a jaka, shekara ta zagayo ba su mayar ba. Ka ware kuɗin wannan mataki tun a kakar farko, ka damƙa wa mahaifiyarka, ka ce kada ta ba ka ko ka roƙa sai ka nuna mata takardar gyara.