Yadin Kaki a Kasuwar Sabon Birni

A hutun damina na 2016 muka ziyarci ƙasar Gobir. Daga Isa muka kama hanyar Sabon Birni, gero ya yi kai dama da hagu. A lokacin ana tafiya hankali kwance. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, ba mu sake komawa ba.

Gobirawa dangi ɗaya ne, amma iyakar da Ingila da Faransa suka shata a 1906 ta raba su, waɗansu a Sabon Birni, waɗansu a Tsibiri kusa da Maraɗi. A kasuwa kunne kaɗai ya isa ya nuna maka daga inda mutum ya fito. Namu ya ce mota, na ƙetare ya ce mato. Mu biro, su bik. Ɗanmu yana zuwa makarantar boko, nasu yana zuwa lakwal.

Muka zauna a rumfar wani dattijon tela. Sai ga wani mutumin Nijar, yana neman yadin kaki na wandon ɗansa. Tela ya dube mu, ya ce, "Malam, kun ji wagga kalma? Mu da su duka kaki muka cewa. Ita kam Hausa ta."

Muka ce, "Baba, a gafarce mu, baƙuwa ce, daga nesa kuwa." A harshen Farisa ƙura ita ce "khak". Mutanen Indiya suka ara, suna kiran abu mai launin ƙasa "khaki". A tsakiyar ƙarni na 19 sojan Ingila a Indiya suka fara sa tufafi masu wannan launi, sunan ya shiga Ingilishi, Faransanci ma ya karɓa. Ta ƙofa biyu ke nan ta shigo Gobir. Shi kansa Lugga, gwamnan farko na Arewa, a Madras ta Indiya aka haife shi, a 1858.

Aron ba gefe ɗaya ba ne. Indiyawa ma sun ɗebi na Turawa, sun lanƙwasa yadda bakinsu zai iya. Masu kallon fim ɗin Indiya su kasa kunne: asibitinmu shi ne "aspatal" nasu, hafsanmu na soja kuma "afsar". Sukari ma asalin sunansa daga Indiya ne. Larabawa suka kawo mana shi, daga baya Turawa suka sake kawo shi da sunan suga.

Nan kunya ta ɗan kama mu. Shekara nawa muna jan layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar yaro a aji, muna cewa ba Hausa ba ce, alhali biron ma aro ne?

Tela dai bai gamsu ba. Ya ce kakansa ma kaki yake cewa. Ya auna yadi biyu, ya yanka, mutumin Nijar ya ƙirga kuɗinsa da dala, yaron tela ya mayar da lissafin naira.