Kuɗin Fito: Yadda Na Kawo Mota Daga Turai Zuwa Garwa

Shekara da shekaru nake koyar da ɗalibai kalmar "fito". Nakan ce musu su bambanta ta da fiton da ake yi da baki, wanda wasalin gaɓarsa ta farko dogo ne. Nakan kuma bayyana musu cewa asalin fito shi ne ƙetarar da mutum ko kaya daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan, kuma ladan da ake ba mai kwalekwale shi ne kuɗin fito. Daga nan ne ma'anar ta faɗaɗa, har ta zama harajin da hukuma ke karɓa a kan kayan da suka shigo ƙasa. Wannan bayani daidai ne, amma a allo na san shi. Ban san nauyin kalmar ba sai a shekarar 2019, lokacin da na yi niyyar kawo motata daga Jamus zuwa Garwa.

Na yi zaman bincike na shekara guda a can, na sayi tsohuwar Toyota Corolla ƙirar 2008 a kan yuro 3,000. Da yake darajar sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957, lissafin bai ba ni wahala ba: kuɗin motar bai cika sefa miliyan biyu ba. A Garwa kuwa irinta ta ninka haka. Ga shi aikina a Ngaundere yake, iyalina da mahaifina suna Garwa, tsakaninmu kusan kilomita 280, kuma na gaji da zaman tasha ina jiran mota ta cika. Sitiyarin motar a hagu yake, daidai da tuƙin Kamaru, kayan gyaran Toyota kuma ba inda babu su. Na ga ba ni da dalilin sayar da ita.

Na kira mahaifina na gaya masa. Baba tsohon falke ne, ya yi fataucin goro da atamfa tun kafin a haife ni, kuma har yau da dala yake lissafi, wato sefa biyar-biyar. Da yake ni ne ɗan farinsa, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Malam". Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, na ji kuɗin saye. Nawa ne kuɗin fito?" Na ce, "Baba, ba zai taka kara ya karya ba." Ya yi shiru, ya ce, "To, Allah ya kawo ta lafiya. Amma a zamaninmu ba a cewa kaya sun yi araha sai sun kwana a gida."

Ƙetaren farko shi ne na teku, kuma shi ya fi sauƙi. Na soke rajistar motar, aka ba ni lambar fita mai jan layi a gefe, na tuƙa ta zuwa Antwerp a ƙasar Beljiyam. A can na fahimci dalilin da ya sa Bahaushe ke kiran tsohuwar motar Turai "Beljiyam", ko da a Japan aka ƙera ta, ko da ba ta taɓa zama a ƙasar ba sai kwanakin jiran jirgi. Sunan tashar da kaya suka bi shi ke bin kayan, kamar yadda mutanen Kano da Maraɗi ke cewa "'yar Kwatano" saboda tashar Kwatano ta ƙasar Benin. Masu jin Faransanci a Kamaru kuwa "kwanjale" suke ce mata, wato daskararriya, kamar kifin da aka ɗauko daga firji. Motoci ne jere iya ganin ido, kowace da takardar da ke nuna inda za ta: Kwatano, Lome, Legas, Duwala. Daga baya wani rahoto na Hukumar Kare Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fito a 2020, ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Tawa ɗaya ce daga ire-irensu, sai dai a lokacin ina ganin ta daban ce, don na san ta.

Wannan ciniki yana da tarihi. Baba yakan tuna watan Janairun 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Dare ɗaya sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati, sai idanu suka ƙara komawa kan wadda Bature ya gama hawa.

Na dawo gida na bar motar a hannun kamfanin jirgi. Bayan 'yan makonni aka sanar da ni ta sauka a Duwala. Nan ne ƙetare na biyu, kuma nan ne na yi kuskure. Wani abokin karatu ya ba ni lambar wani mutum da ya ce ya san kan tasha. Ban taɓa ganinsa ba, ban san gidansa ba, ban san wanda ya san ubansa ba. Muryarsa ta yi mini daɗi a waya, na aika masa da takardar ɗaukar kaya ta jirgi da kafin alƙalami.

Sai lissafi ya fara fitowa. Na ɗauka rasit ɗin da na sayi motar da shi ne za a duba. Ashe hukumar fito, wadda mu a nan muke kira "duwan", 'yan'uwanmu na Najeriya kuma ke kira "kwastan", tana da nata ma'aunin ƙimar mota, bisa ƙirarta da shekarunta da girman injinta. A kan wannan ƙima ake ɗora kuɗin jirgi, sannan a yanka haraji a kan jimillar. Bayan harajin shigowa akwai harajin saye da sayarwa na kashi 19.25 cikin ɗari. Motar da ta haura shekara 10 kuma tana da wani ƙarin haraji, wanda aka sa don rage shigowar tsofaffin motoci. Tawa tana da shekara 11. Tsufan da ya sa ta yi araha a Jamus shi ne ya sa ta yi tsada a Duwala. Ga kuɗin binciken da ake yi don tantance lambar jikin mota, ga na takardar bin sawun kaya, ga na filin da take ajiye, wanda ke ƙaruwa kullum da zarar kwanakin sassauci sun ƙare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka ɓoye mini. Duk a rubuce suke, ni ne ban karanta ba, ni da nake faɗa wa ɗalibai kada su yi sharhin littafin da ba su buɗe ba.

Da na haɗa komai, kuɗin fito ya zarce kuɗin saye. Abin da ke hannuna bai kai ba. Abin da ya rage mana a gida shi ne kuɗin adashin da maiɗakina ta kwasa, wanda muka ware don sayen kwanon rufin ginin da muke yi, ga damina tana matsowa. Na yi kwana biyu ban iya buɗe baki ba. Ita ce ta fara magana, ta ce, "Malam, in aka bar ta can gwanjonta za a yi, mu yi biyu babu. Ɗauki kuɗin." Na ɗauka na aika. Kwana tara wayar mutumin nan tana kashe.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar da na durƙusa gaban Baba na faɗa masa ba. Bai ce ai ya gaya mini ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Wane ne mai masaukinka a Duwala?" Na ce ba ni da shi. Ya girgiza kai, ya ce, "Ka aika dukiya garin da ba ka da mai gida?" Ya sa aka nemo masa lambar wani dattijo a unguwar New Bell, inda Hausawa suka daɗe da zama a Duwala, ɗan wanda ya riƙa saukar da shi ne a zamanin fataucinsa. Suka gaisa tsawon lokaci, suka tambayi rayayyu, suka yi wa matattu addu'a, sannan Baba ya ce, "Ga yaronka nan tafe." Ya juyo gare ni ya ce, "Zuwa da kai ya fi aike."

Na hau jirgin ƙasa daga Ngaundere na kwana a hanya zuwa Yawunde, daga nan na shiga mota zuwa Duwala. Alhajin ya sauke ni a ɗakin baƙi, bai bari an yi zancen mota ba sai da na ci abinci. Washegari ya aiki yara biyu, kafin la'asar ga mutumina a zaure, kansa a sunkuye. Ashe ba gudu ya yi da kuɗin duka ba. Ya juya wani kaso ne ya fitar da motar wani da ya fi ni matsa masa, yana jiran kuɗin na uku ya fitar da tawa. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce masa, "Wannan ɗana ne. Ranar Alhamis nake son ganin motarsa a ƙofar gidan nan." Ranar Alhamis kuwa ta zo. An rasa rediyonta da tayar ajiya a wani wuri tsakanin can da nan, amma kwalin littattafan da na sa a bayanta ba wanda ya taɓa shi.

A zauren nan na ga abin da na karanta a littattafai yana tafiya da ƙafafunsa. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda cinikin goro da shanu ya dogara ga mai gida, wanda ke saukar da baƙo, ya tsare masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in an samu saɓani. Na sha kawo wannan misali a aji kamar labarin da ya wuce. Ga shi a zamanin kwamfuta da takardun da ake cikewa ta intanet, abin da ya fitar da motata shi ne amanar da aka ƙulla tun ban zo duniya ba. Da zan tafi na miƙa wa Alhaji la'ada, ya mayar mini, ya ce, "Kai wa babanka goro."

Ƙetare na uku shi ne hanya, fiye da kilomita 1,300. Na ɗauki direba, muka bi ta Yawunde da Bertuwa, muka kai Garwa-Bulai, wadda ba ta haɗa komai da tamu Garwar ba sai suna, tana kan iyakar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Daga nan Maiganga, sai Ngaundere. A kowane shingen kuɗin hanya mun biya sefa 500, dala ɗari a lissafin Baba. A shingayen jandarma kuma mun fito da takardar duwan har gefenta ya fara yagewa. Bayan Ngaundere hanya takan gangaro daga tudun Adamawa, mai tsayin sama da mita 1,000, ta bi ta kwane-kwanen dutse zuwa kwarin Binuwai. Da muka sauka, iska ta sauya kamar an buɗe tanda. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Garwa kan wuce digiri 40. A nan motar ta nuna mini ita ma baƙuwa ce. Na'urar ɗumama ciki tana aiki kamar sabuwa, ta sanyaya kuwa numfashi kawai take yi.

Da yamma muka hau gadar Binuwai. Na sa direba ya rage gudu. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito, ga 'yan kwalekwale a gefe. A wannan kogi, can ƙasa inda Faro ke shiga cikinsa, aka yi wa matafiyin nan Heinrich Barth fito a watan Yunin 1851, a kan hanyarsa ta zuwa Yola. A nan kuma fataken da suka riga Baba suka riƙa sauke kaya, su yi ciniki da mai fito kafin a ƙetarar da su. Mu mun wuce cikin minti biyu ba mu biya ko dala ba. Na riga na biya nawa a bakin teku.

Baba ya fito ya zagaya motar sau ɗaya, ya dafa ta, ya yi addu'a. Bai tambayi nawa ta tashi ba. Yara suka buɗe aljihun gaba suka zaro wani ɗan faifan roba mai mariƙi, suka tambaye ni na mene ne. Na ce na kankare ƙanƙara ne daga gilashi da asuba. Suka yi dariya har da faɗuwa. Daga baya bakanike ya ɗaga ƙafafunta don ramukan hanya, ya canja tayoyin sanyi, aka yi mata kart giris da lamba mai harufan NO na jihar Arewa. Ta koyi shan man kwalba da ake kira "zuwa-zuwa", wanda ke tsallakowa daga Najeriya ba tare da ya biya nasa kuɗin fito ba, har ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai a can, arahar ta gudu. Ginin namu kuwa ya sha damina guda ba rufi, bango ɗaya ya tsage, sai da muka sake shi.

Idan wani ɗalibi ya tambaye ni ko ya kawo mota daga waje, ba na hana shi. Nakan ce ya fara lissafi daga Duwala kafin ya yi na Turai, ya duba shekarun motar kafin ya duba launinta, ya nemi dillali mai lasisi da ofishin da za a iya zuwa a same shi, kada kuma ya taɓa kuɗin da aka riga aka yi wa suna. Sannan ya san wanda zai sauka a gidansa.

Yanzu idan na zo darasin "fito", nakan rubuta kalmar a allo kamar da, in yi bayanin wasali da karin sauti, in kawo "fasa-ƙwauri" a matsayin abin da mai gudun fito ke yi. Amma nakan ƙara da tambayar ɗalibai su faɗa mini mutum nawa ne ke cikin kalmar. Sukan ce biyu: mai kaya da mai kwalekwale. Sai in ce su ƙara ɗaya, wato wanda ke tsaye a waccan gaɓar, wanda ya san mai kayan, ya kuma san mai kwalekwalen. Motar tana nan, ita ke kai Baba asibiti da masallacin Juma'a. Faifan ƙanƙarar ma yana nan a aljihunta. Maiɗakina ta ce a bar shi, yana da amfani wajen kankare lakar damina daga takalma.