Takardar da Ke Tsakaninmu da Masu Manhajar Waya

Lokacin da na fara aikin rubuta manhaja a Kaduna, bayanin API, wato hanyar da manhajar waya ke magana da sabar, a wajenmu bai wuce fayil ɗin Word ba. Wanda ya gina ɓangaren sabar shi zai zauna ya jera: ga adireshin da za a kira, ga abin da za a aiko, ga amsar da za ta dawo. Sai a tura wa masu haɗa manhajar waya ta imel. Ranar da aka tura takardar, gaskiya take faɗi. Bayan 'yan makonni an ƙara wani gurbi, an sauya wa wani suna, ita kuwa tana nan yadda aka bar ta. Abokin aikinmu mai kula da Android yakan taso daga kujerarsa ya tsaya a kaina: "Malam, lambar wayar nan dole ce, ko za a iya barin ta?" Amsar tana kan mutum ɗaya. In ya sami aiki a Legas, da ita zai tafi.

Waɗanda suka riga mu suna da SOAP da fayil ɗinsa na WSDL, tarin XML mai gajiyar da ido, amma kwamfuta na iya karanta shi ta riƙe kowa a kan abin da aka rubuta. Salon REST, wanda Roy Fielding ya bayyana a kundinsa na digirin digirgir a 2000, ya sauƙaƙa aikin, sai dai bai zo da irin wannan takarda ba. Mu 'yan wannan tsakanin ne.

Swagger ne ya fara ɗinke ɓarakar. Tony Tam ya ƙirƙiro shi a kamfanin Wordnik, SmartBear ya saye shi a 2015, aka miƙa ƙa'idar ga wata ƙungiya a ƙarƙashin Linux Foundation, daga 2016 ta koma OpenAPI. Ranar da na fara ganin shafin da mutum zai danna maɓalli ya gwada kira nan take, na yi farin ciki ƙwarai. Amma da hannu ake rubuta fayil ɗin YAML, dubban layuka, inda tazara ɗaya da ta goce za ta lalata komai. Ba wanda ke son aikin. Kullum a ƙarshe ake barin sa, shi ya sa amsoshin kuskure irin su 401 da 404 da 422 ba kasafai suke samun shiga ba.

Da GitHub Copilot ya fito a 2021, ChatGPT kuma a ƙarshen 2022, wannan wahalar ce ta fara sauka daga kanmu. Yau ina nuna wa mataimakin ƙirƙirarriyar basira abin da muka rubuta, ya fitar da takardar da misalanta, har da amsoshin kuskuren da muke tsallakewa. Ƙaura daga OpenAPI 3.0 zuwa 3.1, wadda ta fito a 2021 ta cire kalmar "nullable" don ta dace da JSON Schema, aiki ne na bin layi ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ya yi mana kusan duka. Ba na kewar zamanin da ko kaɗan.

Sai dai akwai abin da ba ya cikin lambobin manhaja. Ɗauki kuɗi. Kamfanin biyan kuɗi na Paystack, alal misali, da kwabo yake karɓar adadi: naira 5,000 sai a aika 500000. Mu ma haka muka tsara namu. Mataimakin abin da yake gani shi ne gurbi mai ɗaukar cikakkiyar lamba, in ba a gaya masa ba yana iya rubuta bayani mai santsi da ke cewa naira ce. Ba ya barin gurbi ba bayani, kuma abin da ya zata da abin da ya tabbatar murya ɗaya yake rubuta su.

Wanda ya fi damuna shi ne sabuntawa. In wani ya cire gurbi daga amsar sabar, aka ce wa mataimakin ya daidaita takardar, zai daidaita ta cikin ƙiftawar ido, komai ya yi tsaf. Alhali takardar alkawari ce da aka yi wa wasu. In maƙwabci ya matsar da iyakar gona, ba takardar ciniki ake gyarawa don ta bi shi ba. Akwai mai shago a Funtuwa da tsohuwar manhajarmu a wayarsa, bai sabunta ba saboda tsadar data ko ƙarancin wuri, kuma wayarsa tana jiran gurbin nan da aka cire. A da, wahalar gyaran takardar kan sa a tsaya a yi gardama kafin a taɓa komai. Da sauƙi ya zo, gardamar ta nemi ɓacewa.

Saboda haka muka juya tsarin. Takardar ake fara sauyawa, kafin a taɓa sabar. Mataimakin ne ke tsara daftarin, manhajar Spectral ta duba ko ta bi ƙa'idojinmu, manhajar oasdiff ta kwatanta tsohuwar da sabuwar ta nuna canjin da zai karya wa masu amfani aiki. Abubuwan da muka yanke da baki, irin su kwabo, da agogon da ake rubuta lokaci da shi, da dokar cewa ba a cire gurbi sai an fitar da sabon zubi, mun rubuta su a fayil ɗin da mataimakin ke karantawa kafin ya fara aiki. Kuma ba mai rubuta sabar ke amincewa da canjin ba. Mai haɗa manhajar waya ne ke sa hannu, domin shi ake fara kira idan ciniki ya tsaya.