Bishop Hill, gandun mutanen Suwed da bashi ya watsa

Wanda ya bar birnin Shikago na Amurka ya nufi yamma, ya yi tafiyar awa uku a mota cikin gonakin masara da waken soya na jihar Ilinoyi, zai iske wani ƙauye da ake kira Bishop Hill. Abin da ke fara ɗaure wa baƙo kai shi ne girman gine-gine da ƙarancin jama'a. Ga benaye na bulo kewaye da dandali mai inuwa, amma ƙidayar 2020 mutum 113 kawai ta samu. Alhali kuwa akwai lokacin da mazauna wurin suka kai wajen dubu.

Asalin garin daga ƙasar Suwed yake, can arewacin Turai. Wani manomi mai fataucin garin alkama, Erik Jansson, wanda aka haifa a 1808 a karkarar Biskopskulla, ya tashi yana wa'azi cewa limaman cocin gwamnati sun kauce hanya. A zamanin nan doka ta hana taron ibada ba da izinin coci ba. A 1844 shi da mabiyansa suka ƙona littattafan addini a bainar jama'a, suka ce Baibul ya wadatar. Aka kama shi ba sau ɗaya ba, har ya sulale ya bar ƙasar. Mabiyansa fiye da dubu suka sayar da gonaki da dabbobi, suka zuba kuɗin a asusu guda, aka biya wa mai shi da marar shi kuɗin jirgin ruwa. A 1846 suka kafa garin, suka raɗa masa sunan mahaifar shugabansu da Ingilishi.

Shekarun farko sun zo da wuya. Ba su da gidaje, sai ramuka da suka haƙa a gefen kwazazzabo suka rufe da itace da ƙasa. Sanyin farko ya ci mutum 96. A 1849 kwalara ta shigo ta ɗebi fiye da ɗari, har da matar Jansson. A watan Mayu na 1850 kuma, wani John Root, da ya auri ƴar uwar Jansson aka hana shi tafiya da ita, ya harbe shugaban cikin ɗakin shari'a na garin Cambridge. Mabiya suka zauna jiran ya tashi bayan kwana uku. Da bai tashi ba, suka binne shi, suka koma gona.

To, nan ne abin mamaki yake: bayan mutuwarsa garin ya fi bunƙasa. Tamkar gandu ɗaya suka zama, ana noma tare, ana ci a zaure guda, rumbu guda ne. A 1853 hukumar jihar ta ba su takardar zama ƙungiya ƙarƙashin amintattu bakwai. Filinsu ya kusan hekta 5,000. Mata na saƙa yadin lilin, ana noman wata irin dawa da ake yin tsintsiya da kanta, ana kai kayan kasuwanni masu nisa. A 1854 suka gina benen nan mai hasumiya da ke tsaye har yau, wanda agogonsa hannun awa kaɗai gare shi, babu na minti.

Abin da sanyi da annoba da bindiga suka kasa, bashi ya yi shi. Ɗaya daga cikin amintattun, Olof Johnson, shi ke riƙe da harkar kasuwanci. Ya zuba dukiyar jama'a cikin hannayen jari da cinikin sa-rai, talakawan ƙungiya kuwa ba su ganin littafin lissafi. Da kasuwannin Amurka suka karye a 1857, sai asiri ya tonu. Yarda ta gushe, matasa suka gaji da dokokin dattawa. A 1861 aka rushe ƙungiyar, aka raba dukiya tsakanin maza da mata, shari'ar bashin kuwa ta ja har 1879, ta cinye rabon mutane da yawa. Iyalai suka bazu, wasu zuwa Galva da ke kusa, wasu can yamma.

Yanzu garin da tarihinsa yake ci. Gwamnatin jihar na kula da tsohon cocin da aka gina a 1848, wanda ƙasansa ɗakunan kwanan iyalai ne, samansa wurin ibada. Akwai gidan ajiye zane-zanen Olof Krans, wanda ya girma a gandun, ya zana shi da tsufansa: maza da mata jere sahu-sahu suna shuka. Kowane watan Satumba ana bikin kaka, jikokin waɗanda suka watse su dawo ziyara.

Mai karatu da ke cikin adashi ko ƙungiyar ƴan kasuwa, ko yake riƙe da asusun ma'aikata, ya san inda labarin nan ya dosa. Mutanen Bishop Hill ba su rasa ƙwazo ba, ba su rasa haƙuri ba. Ranar zama a karanta lissafi a gaban kowa suka rasa.