Riƙon Tsohuwar Kyanwa a Gidan Manomi

A ƙasar Funtua da Malumfashi kowa ya san amfanin kyanwa, amma kaɗan ne ke yarda su karɓi wadda ta manyanta. In mutum ya ce yana neman mage, jaririya yake nufi, wadda za ta tashi a hannun yara. Babba kuwa, sai ka ji ana cewa ta riga ta koyi sata, ko ba ta zama, in kuma baƙa ce a shiga raɗe-raɗin aljanu. Ni na riƙe manya a cikin gida da ɗakin ajiyar hatsi, kuma abin da na gani shi ne ga manomi babba ta fi ƙarama amfani nesa ba kusa ba. Sharaɗi ɗaya ne: da halinta ta zo, kai ne za ka gyara tsarin gidanka.

Dalilin fifikon nata lokaci ne. Daga watan Oktoba masara ke fara shigowa gida, waken soya da dawa su biyo baya. Da gonaki sun yi fayau aka ƙone ciyawa, sai ɓeraye su bi hatsin zuwa rumbu. Jaririyar da aka yaye tana wata biyu sai ta ƙara watanni kafin ta iya farauta, kafin nan buhunan da kake jira su yi daraja ka kai kasuwar Dandume sun sha huda. Babba kuwa, da ta natsu ta kama aiki, warinta kaɗai ma kan sa ɓera ya rage sakewa.

Samun babbar kyanwa ba wuya a shekarun nan. Rashin tsaro ya taso mutane da yawa daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara zuwa cikin gari, an sayar da awaki da kaji, amma kyanwa ba ta da kasuwa. Ta farko da na riƙe ta wata gwaggona ce da ta dawo Funtua ta kama ɗaki a gidan haya, inda ba wurin dabba. Da za ta miƙo mini ita a cikin kwando sai ta ce, "Ɗana, amana ce na ba ka. In ta ƙoshi ba ta ɓarna."

Na ce, "To Gwaggo, in Allah ya yarda ba za ta wulaƙanta ba."

Darasin farko shi ne kada a sake ta ranar da ta zo. Kyanwa tana shaƙuwa ƙwarai da wurin da ta saba, shi ya sa babba kan kama hanyar tsohon gidanta, mota ko karnuka su tare ta a hanya. Kamar amarya ce, sai ta yi zaman ɗaki tukuna. Na ware mata ɗaki mai iska na rufe kamar mako biyu, da ruwa da abinci da tsohon buhu na kwanciya. Na hana yara jawo ta daga ƙarƙashin gado. Ita da kanta ta fito, ran da ta fara goga kumatunta a jikin ƙofa da ƙafata na san ta karɓi gidan, domin da haka kyanwa ke sa wa wuri alamar nata ne.

A wannan zaman ake magance matsalar da ta fi sa matan gida tsanar mage, wato kashi a ɗaki. Tsohon daro da busasshen yashi ya isa, a ajiye shi nesa da kwanon abincinta, a kwashe kullum. In ta samu wurin tonawa ba za ta nemi buhun masara ba. Mai juna biyu dai kada ta yi wannan kwasa, saboda akwai wata ƙwayar cuta a kashin kyanwa da kan cutar da ɗan tayi. Muzuru kuma kan fesa fitsari a bango da buhuna don shata iyakarsa. Duka ba ya hana shi, fiɗiya a wurin likitan dabbobi ce ke rage wannan, ta kuma rage yawon dare da faɗan da ke dawo da shi da kunne a yage.

Darasi na biyu ya saɓa wa abin da muka tashi muna ji, wai in ka ciyar da kyanwa ba za ta kama ɓera ba. Farauta ɗabi'arta ce, ƙoshi ba ya cire mata. Abin da yunwa ke yi shi ne ta juya ta zuwa ga abu mai sauƙin kamu: 'yan tsaki, kifin miya, naman da aka shanya. Ciyarwar ma ba da tuwo zalla ba, domin cikinta na nama ne. Kan kifi, kayan cikin kaza da aka dafa, guntattakin da mahauta ke zubarwa, da ɗan tuwo a cuɗa, ba su kai kuɗin mudun masara ɗaya da ɓera zai lalata ba. Madarar shanu da ake ɗauka gata ce kan sa yawancin manya zawo, albasa da tafarnuwa kuwa suna lalata musu jini, don haka ragowar miya ba tasu ba ce. Duk da haka ban taɓa barin 'yan tsaki a sake da daddare ba. Akurki mai ƙofa shi ne zaman lafiya tsakaninka da maƙwabta, don ba kowace ce kyanwar Lami ba.

Na uku, kuma mafi muni in aka yi sake: kyanwa da shinkafar ɓera ba sa zama gida ɗaya. Ɓeran da ya ci guba yakan fito fili yana tangaɗi, shi ne kuma ta fi saurin cafkewa. Wani maƙwabcina ya rasa tasa ta haka a tsakiyar kaka, bayan wata guda ɓeraye suka dawo masa fiye da da. Tun daga nan, duk wanda zai zuba magani a layinmu yakan aiko yaro ya faɗa, mu kulle namu na 'yan kwanaki. Haka fiya-fiya da magungunan feshin auduga: kada a shafa mata don kashe ƙuma, domin duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe. A wanke shimfiɗarta a shanya a rana, a nemi maganin da aka yi domin kyanwa. Kuma duk tausayin da ya kama ka, kada ka ba ta farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Akwai abin da ya fi ƙarfinta, ya kamata a san shi. Gafiya ta yi mata girma, sai tarko da toshe rami. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a 1969, fitsari da kashin wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke yaɗa shi a abinci, ya kuma fi tashi da rani, daidai lokacin da rumbunanmu ke cike. Kyanwa tana rage ɓera, amma ba ta ɗauke maka rufe tukunya da ɗora buhuna a kan katako. Ɓeran da ta kawo ta yar, a ɗauke shi da shebur a binne. Kyanwar ita ma tana iya kamuwa da ciwon haukan kare, saboda haka a yi mata rigakafi. In ta ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 a nufi asibiti. Abin da ya gagari likitocin dabbobi na kusa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, kan hanyarmu ta shiga Zariya.

Daga shekara 10 zuwa sama tsufa ke bayyana. Haƙora su zube, ta daina hawa katanga, ta riƙa neman ɗumi. Da hunturu sai na sa a duba murhu kafin a hura wuta, a kuma bubbuga gaban mota kafin a tayar, don nan suke maƙalewa. In ta yawaita shan ruwa tana ramewa, sau da yawa ƙoda ce, ba sammu ba.

A nan ne ake gane mai riƙon gaskiya. Da yawa in ta daina kamu sai su cusa ta a buhu su yar a bayan kasuwa ko tasha. Mu kuwa tun muna makarantar zaure aka karantar da mu hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Jefar da tsohuwar da ba ta iya farauta bai yi nisa da wannan ba, sunan ne kawai ya bambanta. Dabbar da ta yi shekaru tana tsare maka abincin iyali ta riga ta biya kuɗin kan kifin da za ta ci a ƙarshen rayuwarta. Wanda ya san ba zai iya ɗaukar wannan nauyin ba, gara tun farko ya sayi tarko.