Abin da Zabuwa Ta Koya Mini

Yau zancen zabi za mu yi, gama na yi hasara a kansu, ba na so wata ta yi irinta.

Bara da damina zabuwata ta ɓace. Bayan wata guda sai ga ta da 'ya'ya 14. Na yi murna, har na fara lissafin kuɗin sabulu da na littattafan ƙannena. Kafin mako biyu saura 3. Na kai kuka wurin Inna, ta ce, "Ke 'yar nan, duk karatunki ba ki san zabuwa ba ta iya reno ba?"

Ashe da asuba takan ja su cikin ciyawa, raɓa ta jiƙa su, sanyi ya kashe su. Ba mugunta ba ce. Halin daji ne bai sake ta ba.

Zabi duk 'yan asalin Afirka ne, kuma iri-iri ne. Akwai mai tukku na cikin kurmi, akwai mai shuɗin ƙirji na wajen Kenya da Habasha. Namu na gida shi ne mai ƙaho a ka, jinsinsu ɗaya da zabin dajinmu. Shi ya sa suke yawo garke-garke, su kwana bisa itace, su ɗauki kururuwa in sun ga baƙo ko maciji. Suna cin fara da kaska da gara. In kina so ki gane mace, saurari kuka: tata gaɓa biyu ce, ta namiji ɗaya.

Da damina take ƙwai, a ɓoye cikin ciyawa, wani lokaci su biyu ko uku a gurbi ɗaya. In kin gano wurin, kada ki kwashe duka, in ba haka ba sai ta sake wuri. Ɓawon ƙwan yana da kauri, don haka ya fi na kaza jure ajiya.

To, ga dabarar Inna. Ki sa wa kaza mai kwanci ƙwan, kamar 12. Na kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa kuwa 26 zuwa 28, saboda haka kada ki gaji ki zubar. In sun ƙyanƙyashe, kada su fita sai rana ta shanye raɓa. Ki ba su gara da ɓarzajjen gero. Ki zuba tsakuwa a kaskon ruwansu don kada su nitse.

Bana na bi wannan, ƙwai 12 na sa, 10 suka fito, 9 suna nan suna damun maƙwabta da kuka. 'Yan makaranta, in kun je hutu ku tambayi iyayenku abin da suka sani. Allah ya sa albarka cikin kiwonmu, amin.